Tsumman da ke Reshen Tut

Ba zan cika ku da labarin sahara ba. Duk wanda ya shiga Libiya ta ƙasa ya ba ku irinsa, kuma ƙishirwata ba ta fi tasu ba. Ni dai na buɗe ido na gan ni a Sabha, cikin wani ɗaki a unguwar Mahdiya, mu tara, da tukunya ɗaya marar murfi. Sunana Lawali, daga wani ƙauye arewa da Damagaram, gidan maharba. Zancen gidan maharba ban yi wa kowa shi ba, don a Sabha ba a tambayar gidanku. Kafaɗarka ake duba, a ga ko za ta ɗauki buhun siminti.

Zangona na farko bakin titi ne. Da sassafe mukan je wani shatale-tale mu zauna, kowa da kayan aikinsa a gabansa, mai shebur, mai guduma, mai burushin fenti, don mai mota ya gane aikinka tun daga nesa. Ni ba ni da komai, sai in ɗora hannuwana a kan gwiwa, su ne alamata. In mota ta tsaya aka ce "shugul", wato aiki, sai mu yi kanta kamar kaji sun ga tsaba. Ka shiga ba ka san inda za a kai ka ba, ba ka san abin da za ka yi ba, ba ka san ko za a biya ka ba. Na taɓa yin kwana goma sha biyu ina kwaɓa siminti a unguwar Hajara, ranar da muka gama mai gidan ya leƙo ta taga ya ce "bukra". Na tambayi wani Bakano da muke tare mece ce bukra, ya ce gobe. Na ce to ai da sauƙi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi shekara biyu ke nan yana jiran wata bukrar.

Yunwa ba ta dame ni kamar rashin gane garin ba. Mutum zai daka maka tsawa da safe, da yamma ya tsaya da mota ya miƙo maka burodi mai zafi ta taga, ya wuce bai jira godiya ba. Za ka ji harbi can wata unguwa, masu shago su ci gaba da auna tumatir. Wata rana kuwa ba ka ji komai ba, sai ka ga kowa yana jan ƙofa, kai kaɗai ne tsaye a titi kamar turke. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, ni kam har da kurumta aka haɗa min.

Gida kuwa ban kira ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan kira ba sai ina da abin aikawa, don na san Inna tana jin muryata za ta gane halin da nake ciki. Wata ya zo ya wuce, wani ya bi shi, tun ina cewa gobe har kunya ta rufe min baki. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, wata goma sha huɗu ke nan ba su ji daga gare ni ba, ni ma ban ji daga gare su ba.

Dole in ɗan koma baya in faɗi ko wane ne ubana, in ba haka ba za ku ɗauke ni mahaukaci, kamar yadda mutanen kwarin Wadi Bawanis suka ɗauke ni. Baba ba shi ne Sarkin Baka ba, amma Sarkin Bakan wurinsa yake zuwa in yana son baka. Da itacen dargaza Baba yake yi, kuma yana da dokoki biyu da ya dasa min a ka tun ban iya ɗaura wando ba. Ta farko, in ka ga reshen da zai yi baka, ba ka sara nan take. Ka ɗaura masa kaba, ka bar shi sai sanyi ya shigo, ruwan itace ya sauka. Duk wanda ya ga kabar ya san an zaɓi wannan, sara kawai yake jira. Ranar da aka sare shi kuma, kabar tana bin itacen gida. Ta biyu, ba a kayar da itacen. Reshe ake ɗauka, a shafe ciwon da laka da kashin shanu, don in ji Baba, ba a kashe uwar baka. Daminar da zan taho, ya kai ni bakin fadama ya ɗaura kaba a wata dargaza, ya ce wannan tawa ce, da ita zan fara yin baka da hannuna in sanyi ya zo. Kafin sanyin ya zo na riga na kama hanya.

Zango na biyu shi ne shagon Usta Miftah. Kafinta ne a Mahdiya, gajere mai tumbi, ina jin ko barci da fensir a kunne yake yi. Katako na sauke masa daga mota, ina shiga da na ƙarshe na ɗaga kai na ga baka rataye a bango. Ba irin namu ba ne, gajere ne mai lanƙwasassun kunnuwa, amma baka baka ne. Daga baya na gane wasu mutanen arewacin ƙasar ne ke sa shi yi musu, masu wasan harbi a kan doki ranar biki. A ƙasan bakan akwai tsagaggen itace a jingine. Ban san lokacin da na ajiye katakon na ɗauki ɗaya ba. Na kai shi ido na duba miƙewarsa, na ƙwanƙwasa, na sansana, na girgiza kai na jingine shi gefe.

Ashe Usta yana kallona. Ya zo ya yi maganar da ban gane ba, ni kuma na nuna masa wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar dawa a tsakiyar itacen. Ya taɓe baki, ya sa itacen a gwiwa ya lanƙwasa don ya ƙaryata ni, sai ji muka yi ƙas, daidai ƙullin. Ya dubi guntayen, ya dube ni, ya je ya zubo min shayi da hannunsa. Ranar ce ta farko da wani Balarabe ya tambayi sunana, ko da yake har muka rabu Ali yake kirana.

Na yi wata biyu a wurinsa ina shara, ina kankare itace. Sunan itacen tut. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba, sai a tsage: bayansa fari, cikinsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, in ka lanƙwasa shi sai ya dawo ba gardama. Na ce a raina da Baba ya riƙe wannan da ya kwana yana shafa shi. Da hannu da ka muke magana ni da Usta, har na ɗauka muna fahimtar juna sarai, kuma abin da ya cuce ni ke nan.

Tsakiyar sanyi itace ya ƙare mana. Wata Alhamis da safe Usta ya sa ni a mota muka fita gari, muka nufi Wadi Bawanis, inda gonaki da dabino suke. Yana tuƙi yana zuba Larabci, ina cewa "bahi, bahi", wato to, don shi ne abin da na iya. Muka tsaya a wata gona mai katanga, ƙofa a buɗe, ba kowa. Ya nuna min layin itatuwa bakwai a bakin magudanar ruwa, ba mai ganye ko ɗaya. Na yi masa alamar ai waɗannan sun mutu. Ya yi dariya ya rungume jikinsa yana karkarwa, wato sanyi ne ya tuɓe su. Ya ba ni zarto da gatari, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi alamar sara a tushe, ya nuna min inda rana za ta kai ya dawo. Sai ya faɗa mota da gudu, don an ce mai ya zo wani gidan mai, kuma a Sabha in aka ce mai ya zo, wanzami ma barin kai yake yi rabi.

Na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Baba yake yi, hannu a baya. Na farko karkatacce, na biyu duk ƙulli, na uku da na huɗu ba su kai ba. Na biyar ne ya tsayar da ni. Gindinsa ya rabu biyu daidai ƙirjina. Ɗaya reshen ya karkata kan ruwa, ɗayan kuwa ya miƙe sak kamar taɓarya, kaurin cinyar mutum, ya fi tsawona ba ƙulli ko ɗaya. A jikin wannan miƙaƙƙen reshen an ɗaura wani koren tsumma da rana ta ƙoɗar, an yi masa ƙulli uku.

To ku faɗa min, ku masu hankali, ɗan maharbi ya ga wannan, tunanin me zai yi? Ni daɗi ne ya kama ni. Tunda na shigo ƙasar nan, yau ne na fara ganin abin da na gane ba tafinta. Na ce ashe Larabawa ma sun san kaba. Na yaba idon wanda ya yi zaɓin, na ce ko Baba iyakar abin da zai zaɓa ke nan. Har ƙwalla sai da ta zo min, ina jin kamar na gamu da ɗan garinmu a kasuwa.

Abu ɗaya na ƙi yi wa Usta, shi ne sara a tushe. Na ce in ya dawo ya yi faɗansa, ba zan kashe uwar baka ba. Na yi bismillah, na fara yanka ta ƙasan reshen don kada ya yage ɓawo in zai faɗi, sannan na koma ta sama. Ɗan farin ruwa kamar nono ya tsattsafo. Sai wajen azahar reshen ya kwanta. Na ɗebo laka a magudana, ba shanu a gonar sai na haɗa da kashin tumaki, na shafe ciwon tas. Tsumman ya zame wajen faɗuwa, na gyara masa zama na ƙara ɗaure shi a jikin gungumen, tunda kaba bin itace take yi. Na ja shi har bakin ƙofa na zauna a kai ina kaɗa ƙafa.

Motar da ta zo ba ta Usta ba ce. Wani ƙato mai gemu ya fito, ya buɗe wa wata tsohuwa lulluɓe da farin mayafi. Tana sauka idonta ya faɗa kan gungumen. Ba ta yi ihu ba. Ta tako a hankali ta durƙusa a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan tsumman. Ni kuwa, don rashin sani ya fi dare duhu, na miƙe ina murmushi, ina nuna tsumman ina jinjina mata, wai ina yaba zaɓinta. Marin da ƙaton ya yi min sai da na ga taurari da rana tsaka. Kafin in tashi ya ɗauko bindiga a mota.

Tsohuwar ce ta yi masa magana ba ta ko ɗago kai ba, ya sauke bindigar, ya leƙa ta katanga ya ƙwala kira. Wani dattijo baƙi ya shigo yana goge hannu a riga. Sunansa Baba Idi, mutumin Tasawa, ya fi shekara ashirin yana aiki a gonar maƙwabta. Ya dubi gungumen, ya dubi itacen, ya yi salati.

"Kai yaro, mi ka aikata?"

"Baba, aiki aka sa ni. Wanda suka yi wa alama na sara."

"Wace alama?"

"Ga ta nan. Kabarsu."

Ya daɗe yana kallona kamar mai son ya gano ta inda na taɓu. Sannan ya ba ni labarin da kowa ya sani a kwarin nan in ban da ni. Tsohuwar sunanta Hajja Mabruka, ƙaton kuma babban ɗanta ne, Abdussalam. Marigayi mijinta ne ya dasa itacen ranar da aka haifi autanta Faraj. Shekara shida da suka wuce Faraj ya ɗauki mota ya yi kudu da kaya, har yau ba shi, ba motar, ba gawa. Sai uwar ta yagi rigar da ya bari ta ɗaura a reshen, tana cewa muddin itacen nan yana raye, Faraj yana raye a wani wuri. Duk Alhamis take zuwa ta zauna a gindinsa. Abdussalam ya yarda Usta ya sari ɗaya cikin bakwai, amma ya ja masa kunne ta tarho, kowanne ban da mai tsumma.

Muna haka Usta ya iso, ya ji abin da ya faru, ya rantse da duk abin rantsuwa cewa sau uku ya faɗa wa Ali. Har gobe ban sani ba ko yana cikin Larabcin da ya yi ta zubawa a mota, ko layin mai ya mantar da shi. Ya kwashi zartonsa da gatarinsa ya ja mota, bai ko dube ni ba, kuma ganina da shi ke nan.

Abdussalam ya laluba aljihuna ya cire katin shaidata, takarda ɗaya da nake da ita a duniya. Baba Idi ya ce min wai Abdussalam zai kai ni wurin masu tsaron shingen hanya ya ce ɓarawo ya kama. Ba sai an yi min bayani ba, kowa a Mahdiya ya san wanda aka shiga da shi can ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma Hajja ta tashi ta nufi itacen. Ta tsaya tana duban lakar da na shafa, ta taɓa ta da yatsa, ta tambayi mece ce wannan. Na faɗa wa Baba Idi dokar Baba, ya juya mata. Sai ta tambaya ko zai rayu.

"Ka ce i," in ji Baba Idi a hankali.

Na kasa. Na ce ya faɗa mata a garinmu itatuwan da aka yi wa haka suna rayuwa, amma wannan itacen ban san halinsa ba, yau na fara ganinsa a tsaye. Baba Idi ya harare ni, amma ya faɗa mata yadda na ce. A nan ta yanke hukunci. Zan zauna a gonar har itatuwa su yi ganye. In na Faraj ya yi, a ba ni katina in tafi. In bai yi ba, ba ruwanta da abin da Abdussalam zai yi da ni.

Wannan shi ne zangon da na fi jin tsawonsa, ko da yake bai kai wata uku ba. Aka ba ni ɗakin da ke jikin injin ruwa. Kullum da asuba, ina sallame sallah, sai in je gindin itacen in tsaya. Me zan gani? Duk bakwai ɗin tsirara suke, mai rai da matacce ba bambanci. Ran nan na sa farce zan ɗan kankare ɓawo in ga ko akwai kore a ciki, sai Baba Idi ya kama hannuna ta baya, ya ce in na sake yi wa itacen nan ko ƙwarzane, shi ma ba shi iya cetona. Na yi masa zancen gudu. Ya ce shinge uku ne tsakanina da gari, kuma shi ne ya tsaya min a wurin Abdussalam, in na gudu shi za a kama. Ban sake tayar da zancen ba.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne mutanen gidan. Duk Alhamis Hajja za ta zo da kwanon makaroni da nama, ta ajiye a ƙofar ɗakina, amma in na gaishe ta ba ta amsawa. Abdussalam ya ga ina karkarwa da safe, kashegari ya jefo min bargo ta tagar mota, ya wuce ya je ya duba itacen, ya dawo ya nuna ni da yatsa. Na rasa ko ni fursuna ne ko baƙo. Na tambayi Baba Idi, ya ce shi ma shekara ashirin bai gama gane su ba, in ci abincina kawai.

Gungumen yana nan inda aka jingine shi, da tsumman a jikinsa. Sati na uku na ga bakinsa ya fara tsagewa. Na yi ƙoƙarin in kau da kai, na kasa, jinin gidanmu ya hana. Na roƙi Baba Idi ya nema min izinin Hajja in tsaga shi. Ya ce lalle ni ba a gama min suna ba, mutum yana cikin rami yana neman a ƙara masa zurfi. Amma da Alhamis ta zo ya faɗa mata. Na ce ya gaya mata in an bar shi haka zai farfashe ya zama makamashi, in kuwa an tsaga shi aka toshe bakinsa, baka huɗu zai yi.

Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Da hannunta ta kwance tsumman, ƙulli uku, ta ninke shi ta soke a ƙirjinta, sannan ta yi min alamar in fara. Na ari guduma da ƙarfen tsaga wurin Baba Idi. Na bi jijiyar itacen a hankali har ya buɗe, rawayan nan ya fito, ƙanshinsa ya tashi. Na raba huɗu, na narka kitsen tunkiya na shafe bakin kowanne. Duk wannan tana kallo. Da na gama ta tambayi yaushe za su zama baka. Na ce sai sun shekara suna bushewa a inuwa.

"Su jira," ta ce, Baba Idi yana juya min. "Jira ba baƙo ba ne a gidan nan."

Ta sa Abdussalam ya sa su a mota, wai ɗakin Faraj za a kai su. Ranar ma ba ta amsa gaisuwata ba.

Sanyi ya fara sassautawa. Wata safiya na ga itace na farko ya yi ƙananan ido kore. Kwana uku, na biyu da na uku suka bi. Kafin sati guda shida sun yi ganye shar, na biyar yana tsaye a tsakiyarsu a bushe. Abdussalam ya koma zuwa sau biyu a sati, ya daina nuna ni da yatsa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Abinci ya daina wuce min. Mai aikin gonar gabas ya ce in ƙara ruwa, na yamma ya ce ruwan ne zai ruɓar da saiwa. Baba Idi ya ce itace mai ciwo yakan makara, da na tambaye shi ko ya taɓa gani, sai ya ce bari ya je ya duba tumakinsa. Na fara zargin lakar. Na ce wataƙila dokar Baba ta dargaza ce kawai, wataƙila kashin tumaki ya yi wa tut zafi, wataƙila da hannuna na kashe shi sau biyu. Hajja ta zo Alhamis biyu a jere ta zauna a gindin busasshen itace, ga shida masu inuwa a gefenta. Na ji tsoro don kaina, ba zan ɓoye ba, amma ganinta a rana haka ya fi ci min rai.

Ranar Talata bayan asuba na ga lakar ta dare a gefe. Na ce shi ke nan, ita ma ta gaji. Na kai hannu zan gyara, wani ɓangare ya faɗo a tafina. A ƙarƙashinsa, daidai bakin ciwon, ga tsiro uku, ja-ja da ɗan kore a kai, ba su kai tsawon yatsa ba. Su ne suka turo lakar. Sai na zauna a cikin magudanar ruwa da wandona. A nan Baba Idi ya same ni, ya duba, ya cire hularsa ya mayar, ya ce in tashi kada sanyi ya kashe ni bayan Allah ya fisshe ni.

Kwana biyun da suka rage kafin Alhamis a gindin itacen na yi su, ina korar tsuntsaye. Da motar ta zo na koma can nesa na tsaya. Hajja ta je ta duba. Ta daɗe. Sannan ta zaro tsumman daga ƙirjinta ta ɗaura a tsiron da ya fi girma, sako-sako don kada ya shaƙe shi. Abdussalam ya zo ya miƙo min katina, ya ɗan bugi kafaɗata ya koma mota.

Ina shirin shiga ɗaki in ɗaure kayana sai na ji an ce "Lawali". Hajja ce, da sunana na gaskiya, ashe ta tambayi Baba Idi. Na zo na durƙusa. Ta yi tambaya ɗaya, Baba Idi ya juya.

"Ta ce, uwarka ta san kana raye?"

Na sunkuyar da kai. Baba Idi ya ce in amsa mata. Na ce rabona da kira ya kusa wata goma sha bakwai. Da ya faɗa mata, ta yi wata magana mai kaifi, ta farko da na ji ta ɗaga murya tunda na san ta.

"Ta ce reshen da ka sara ta yahe maka," in ji Baba Idi. "Wannan kuwa ba ita za ta yahe ba."

Ta kira Abdussalam ta karɓi tarhonsa ta danƙa min a hannu. Lambar mai shagon ƙauyenmu ce kaɗai na haddace. Ya ɗauka, ya ji sunana ya yi salati, ya ce in jira ya kai wa Inna. Ina jin takunsa, ina jin kukan awakin unguwarmu, har sallamarsa a zauren gidanmu na ji.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Lawali, kai ne?" Na ce ni ne. Ta tambaya ko ina cin abinci, na ce ina ci. Na ce ina Baba. Sai ta ce Baba ya rasu da kaka, wata biyar ke nan, sun rasa ta inda za su sanar da ni. Sannan ta ci gaba.

"Dargazarka tana nan. Kabar ta ruɓe, babanka ya je ya sake wata. Da ya kwanta ciwo ya ce kada a bari ta faɗi, kada wani ya ɗauka ba mai zuwa. Ta yanzu ni na ɗaura. Ban iya ƙullinsa ba, amma tana riƙe."

Na ɗaga kai. Hajja Mabruka ta koma gindin itacen tana gyara wa tsumman zama, ta juya mana baya. Tun ina yaro nake ganin kaba a jikin itace, ban taɓa tunanin wanda ya ɗaura ta yana jiran wani ba sai ranar. Kukan da na riƙe tun daga sahara ya ƙwace min, Baba Idi ya tashi ya ba ni wuri.

Inna ta bari sai da na yi shiru, sannan ta tambayi yaushe. Na ce kafin sanyi ya shigo. Ta ce to, Allah ya kawo ni, kuma in gaishe mata da matar da ta ba ni tarho.